Layin da Yaya Ta Toshe

Shafi na 31

Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce idan ban kawo shafin nan yau ba za ta biyo ni gida. Ki zo, akwai wanke-wanke yana jiranki. Masu zagin Yaya Goge kuma ku ɗan sha ruwa tukuna. Ni ma haushinta nake ji, amma yau har ta ba ni tausayi.

Waɗanda yau suka shigo, ga inda muke. Yaya mai gyaran waya ce, shagonta na layin masu waya, tsakanin mai ɗaukar hoto da mai sayar da caja. Sunan Goge mata ne suka sa mata. Duk wadda aurenta ya mutu a unguwar, kafin hawayenta su bushe za a ce mata ta je wajen Goge. Ta karɓi wayar, ta share hotuna, ta share hira, ta toshe layin mijin da na uwarsa da na ƙannensa, har da abokin da ke zuwa roƙo. Ba ta barin ko ɗaya. Haka ta yi wa kanta ranar da nata auren ya ƙare, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba, tun daga nan ta ɗauka ta gano maganin kowace mace.

Ƙanwarta Auta ce kaɗai ta ƙi ba da waya. Mijinta Injiniya ya sake ta, ta dawo gidan Yaya, 'yarsu ta zauna wajen uban saboda makaranta. Makonni kaɗan da suka wuce gilashin wayar Auta ya fashe, ta ba Yaya ta canza. Yaya ta canza gilashi, ta kuma yi aikin da ba a sa ta ba. Hotuna ba ta taɓa ba, don za a gane. Layukan dangin miji kawai ta toshe, kaf, kuma har yau Auta ba ta sani ba.

To mu je.

Da hantsi Yaya na sunkuye ƙarƙashin fitilar aiki, tana fama da wani ɗan sukuru da ya maƙale a bayan waya, sai ta ji sallama. Muryar ce ta sa sukudireba ya kuɓuce mata.

Hajiya ce, mahaifiyar Injiniya. Ta dafa bakin kantar shagon tana haki, don matakalar layin ba ta tsofaffi ba ce. A bayanta, riƙe da gefen mayafinta, ga yarinyar da Auta ta haifa. Surutu ya sa ake ce mata Aku, yarinyar da ko barci take yi bakinta na motsi. Yau ko gaisuwa sai da kakarta ta taɓa ta.

“Ina kwana, Anti.”

“Lafiya lau, Akuna. Hajiya, sannu da zuwa. Ku shigo, ga kujera.”

Hajiya ta zauna da ƙyar, ta kwance bakin hankici, ta fito da 'yar ƙaramar waya mai madannai da lambobinta suka goge.

“'Yar nan, wayata na kawo miki. Ta lalace.”

“Me take yi, Hajiya?”

“Kowa na kira tana shiga. Mai kawo min magani tana shiga, ƙanena tana shiga. Mutum ɗaya ce ba ta shiga.”

Yaya ta ɗago.

“Wa?”

“Ƙanwarki. Ko ringi ɗaya ba ta yi, sai ta katse.”

“Ta Baba ma ta lalace,” in ji Aku a hankali. “Duk biyun.”

“Ji min,” Hajiya ta ce. “Shi uban ya ce wai ba lalacewa ba ce, rufe mu aka yi. Na ce masa kai dai ka faɗi wani abu. Yarinyar da ta yi jinyata lokacin da aka yi min aikin ido, ita ke kai ni banɗaki, ita ke ba ni abinci a baki, ita ce za ta rufe ni? Tsakaninsu daban, tsakanina da ita daban. Na ce wayar ce, tsohuwa ce kamar mai ita.”

Yaya ta karɓi wayar.

“Ni kaina ba don kaina nake damuwa ba,” Hajiya ta ci gaba. “Wannan ce. Kullum bayan la'asar sai ta ɗauki wayar ubanta ta kira uwarta, ta ba ta labarin makaranta daga farko har ƙarshe, wa ya yi kuka, wa aka doka, wa ya ci abincin wani. Shi kuma sai ya fita waje ya ba su wuri, ko gaisawa ba sa yi. Rana ɗaya kawai abin ya tsaya.”

Bayan la'asar.

Jama'a, kun tuna kiran nan? Wanda Auta ke shiga ɗaki ta rufe ƙofa idan ya shigo, ta fito ido jawur? Kiran da Yaya ta rantse Injiniya ne ke wasa da hankalin ƙanwarta, ya sake ta kuma ya hana ta sakewa? Saboda kiran nan ta toshe layin. Ba ta taɓa tambaya ba, don mai magani ba ta tambayar mara lafiya. Ita kuwa Auta ba ta faɗa ba, don an riga an yi mata doka cewa babu ita babu lambar mutumin nan.

“Kuma ga tafiya ta taso,” in ji Hajiya.

“Wace tafiya?”

“Au, ba ku ji ba? To ina za ku ji. Wajen aikinsu sun tura shi wani aikin hanya can nesa, tafiyar yini guda. Ya ce wurin ba na yarinya ba ne, daga shi sai ma'aikata. Ni kuma kin gan ni, kaina ma riƙe ni ake yi. Ya ce gara ta koma hannun uwarta. Ya kira, ya rubuta, ya sake rubutawa. Ya ce idan ta amsa, shi da kansa zai kawo ta da kayanta. Idan ta yi shiru, to ya ji amsa.”

“Me ya hana shi zuwa gida?”

Tambayar na fita Yaya ta so ta haɗiye ta.

Hajiya ta dube ta, ba da faɗa ba, kuma rashin faɗan ne ya fi ciwo.

“Ya ce kin ce idan ya sake taka ƙofarki sai kin tara masa unguwa. Kin san shi da zuciya.”

Ta faɗa. A gaban maƙwabta Yaya ta faɗa, har tana tafa hannu, kuma mako guda ta yi tana ba kwastomomi labarin.

“Yaushe ne tafiyar?”

“Gobe da sassafe. Shi ya sa na lallaɓo ba da saninsa ba. Ko tana gida mu ƙarasa? Ban san sabon gidan naki ba, shagon nan ma tambaya na yi.”

A nan ne Allah ya buɗe wa Yaya ƙofa fal. Ta ce tana gida, ta tare musu abin hawa, kafin azahar uwa ta rungume 'yarta. Amma sai ta hango falonta. Ta hango Hajiya na cewa kin rufe mu, Auta na rantsuwa ba ta rufe ba, sannan idanu duka su juyo kan mutum ɗaya da ta san aikin waya a ɗakin.

“Ta fita,” Yaya ta ce. “Sai yamma.”

“Ayya.”

Sai Yaya ta juya wayar Hajiya, ta ɓalle murfin baya, ta zare batir. Ta hura. Ta ɗauki ɗan buroshi ta share wurin da babu ƙura. Ta zare layin, ta goge shi da auduga, ta mayar. Waya ce lafiyayya, ta fi mai gyaran lafiya. Aku ta matso ta ɗora haɓarta a kan kantar shagon, tana bin hannun Yaya da ido.

“Anti, kin ga abin da ya lalace?”

“Na gani.”

“Babba ne?”

“A'a... ƙarami ne.”

“Na faɗa wa Baba. Na ce Mama ba za ta ƙi ɗauka ba, wayar ce.” Ta dubi wayar. “Da farko na faɗa. Daga baya kuma na daina faɗa.”

Yaya ta ƙara sunkuyar da kai kamar mai neman wani abu a cikin wayar.

“Idan kin gyara ta Kaka, ta Baba ma za ta gyaru?”

“Duk za su gyaru. Ku kira da yamma, za ta shiga.”

“Bayan la'asar?”

“Bayan la'asar.”

Yarinyar ta yi murmushi, na farko tun shigowarsu, har giɓin haƙorinta ya fito.

“To zan riƙe ta Baba. Ita ta fi ƙara.”

Hajiya ta yi ta sa albarka, ta ce Allah ya bar zumunci, ta ce Auta ta yi sa'ar yaya. Yaya ta raka su har bakin matakala, tana amsa amin.

Ta dawo ta zauna.

Yanzu ku da kuke karantawa za ku ce ta rufe shago ta ruga gida. Ni ma haka na so. Amma Yaya lissafi ta zauna yi. Idan ta koma gida da rana tsaka, Auta za ta tambayi dalili. Idan ta bari zuwa la'asar, sai ta ce zo in duba gilashin nan ko ya zauna daidai, ta buɗe layukan cikin ƙiftawar ido, kira ya shigo, kowa ya ce matsalar sabis ce. Ba wanda zai sani. Yarinya ta dawo, mutuncin Yaya na nan.

Da wannan lissafin ta ci gaba da aiki. Ta ƙona yatsa da ƙarfen narka dalma. Ta sa wa wata waya murfin wata. Mai sayar da caja ya leƙo ya ce, “Goge, yau lafiya? Ko ke ma a kawo ki gyara?” Ba ta ko ɗago ba.

Can bayan azahar wasu mata biyu suka shigo. Ɗaya na jan ɗaya.

“Anti Goge, ga ƙawata. Shekaranjiya aka sake ta. Ki wanke mata wayar nan tas, kamar yadda kika yi min.”

Wadda aka kawo ta miƙo wayar, amma yatsunta ba su sake ta ba. Yaya ta ja kaɗan, ita ma ta riƙe kaɗan. Da a jiya ne, da Yaya ta fizge tana dariya, ta ce haka kowa ke yi, gobe za ki gode min.

“Ke kike so, ko ita?” Yaya ta tambaya.

Matar ta dubi ƙawarta, ta dubi ƙasa.

“Ban sani ba.”

“To riƙe abarki. Ranar da kika sani, ki zo ke kaɗai.”

“Ah ah, Anti Goge!” ƙawar ta ce. “Ke ce fa kika ce zafi-zafi ake yi!”

“Na ce. Ku tafi, zan rufe shago.”

Ta ja ƙofar ƙarfen ta sa kwaɗo, ko fitilar aiki ba ta kashe ba.

Tana buɗe ƙofar gida ƙamshin girki ya tare ta. Falo a share, labule a ɗage. Auta da ta yi makonni cikin riga ɗaya, sai an yi da gaske take wanka, yau ta yi kwalliya har da kwalli. Tana zaune tana ninke kayan da ta goge.

“Yaya, kin dawo da wuri.”

“Kaina ke ciwo. Ke, ba ni wayarki in duba gilashin nan, ko ya zauna daidai.”

“Ya zauna. Zauna ke ma, ina da albishir.”

“Ba ni wayar tukuna.”

“Yau na bi maganarki, Yaya.”

Yaya ta tsaya da jaka a kafaɗa.

“Wace magana?”

“Ta ɗazu da safe, da muna shan shayi. Kin ce in daina jira a rufe min ƙofa, in rufe da hannuna. Kin ce ke kalma ɗaya kika rubuta wa naki, kika juya baya, shi ke nan.” Auta ta yi wata dariya mara daɗin ji. “Na yi ta ganin kamar ba ki da tausayi. Ashe ke kika san su.”

“Auta, me kika yi?”

“Akwai abin da na ɓoye miki. Kiran nan na bayan la'asar, ba shi ba ne, Aku ce. Na ji tsoron ki ce in daina ɗauka. To ya hana ta. Rana ɗaya ya yanke. Na kira shi bai ɗauka ba, bai kuma biyo kiran ba. Na rubuta masa, na roƙe shi, har na zage shi, ko harafi ɗaya bai mayar min ba. Hajiya ma da nake cewa uwata ce, ko sau ɗaya ba ta neme ni ba, shi ya sa ni ma na kama kaina.”

“Auta...”

“Bari in gama. Makon jiya na je makarantarsu. Na tsaya tsallaken titi kamar ɓarauniya. Aka tashe su, ta fito, ta gan ni. Ido cikin ido, Yaya. Na ɗaga mata hannu. Ta juya ta koma bayan malamarsu ta ɓuya.” Muryarta ta karye, ta gyara ta. “Ya cika mata kunne. 'Yar da na haifa ta gan ni ta ɓuya. Na dawo ban faɗa miki ba, don na san abin da za ki ce, kuma gaskiyarki ne.”

“Me kika rubuta?”

“Na ce ya riƙe ta. Na ce na bar masa ita, kada su sake nemana, daga shi har ita.”

Jakar Yaya ta zame ta faɗi.

“Kin tura?”

“Na tura.”

“Yaushe?”

“Bayan na yi azahar. Na yi kuka na wanke fuska, na tashi na yi girki. Ba haka kika ce ake yi ba?”

Bayan azahar. Lokacin da Yaya ke zaune a shago tana lissafin yadda za ta tsira da mutuncinta.

“Ni ban ce ki bar 'yarki ba! Wallahi ban ce ba!”

“Wace ƙofa ce ta rage min ban da ita?”

Yaya ta durƙushe a gaban ƙanwarta. Ita da ba ta taɓa durƙusa wa kowa ba, ko mijinta.

“Bai hana ta ba.”

“Me?”

“Bai hana ta ba, Auta. Kullum tana kira. Shi ma ya biyo kiranki, ya amsa saƙonninki. Hajiya ma ta kira. Ba sa shigowa ne.”

“Ban gane ba.”

“Ranar da na canza miki gilashi... na toshe su. Layinsa biyu, da na Hajiya, da na ƙannensa. Ni ce.”

Auta ta ci gaba da ninke rigar da ke hannunta. Ta ninka ta biyu, ta ninka ta huɗu, ta ajiye a kan sauran. Sannan ta ɗago.

“Sake faɗa.”

“Na ɗauka shi ne ke sa ki kuka. Ina ganinki kina fitowa daga ɗaki ido jawur, na ce mutumin nan zai kashe min ke. Na ce in yanke miki sau ɗaya ki huta, kamar yadda na yi wa kaina. Don ke na yi, wallahi don ke.”

“Kina kallona na daina cin abinci.”

“Na ɗauka ciwon ne ke fita.”

“Kina kallona ina kwana da waya a hannu. Kina shafa min kai kina cewa kin gani, haka suke.”

“Auta, ki yafe min.”

“Kiran nan shi ke tashe ni daga gado, Yaya! Shi kaɗai! Ina kuka ne don na ji muryarta, ba don an zalunce ni ba!”

Ta miƙe, kayan da ta ninke suka zube.

“Yaushe aurenki ya mutu?”

“Kin sani ai.”

“Ba ranar saki nake tambaya ba. Shekara da shekaru kika yi kina kuka a gidan mutumin nan. Ina yarinya ina gani, kina zuwa gida kina ɓoye kayanki kaɗan-kaɗan a ɗakin Mama, yau kwano, gobe zani. Kin gama kukanki tun kina ciki. Ranar da ya sake ki kin daɗe da fita, jikinki kawai ya rage. Dole ki yi barci mai daɗi!”

Auta ta ci gaba.

“Ni ranar da aka sake ni, da safe na goge masa rigar aiki. Na ɗauka faɗa ne irin na kullum, zuwa yamma a shirya. Ke kin kai ƙarshen hanya kin juyo kina min tsawa in yi sauri, ni ko takalmi ban sa ba. Wataƙila wata rana da na zo da ƙafata na ce Yaya goge min. Wataƙila baɗi, wataƙila ba zan taɓa zuwa ba. Amma ni ce zan san ranar, ba ke ba!”

“Gaskiya ne.”

“Kuma ke da kika toshe naki, wa ke ɗaya gefen layin? Shi kaɗai. Ni 'yata ce a can.”

Wannan ta shiga Yaya har ƙashi, don duk gidan ba a taɓa yi mata zancen rashin haihuwa ba, ko da wasa. Ta haɗiye. Ta san yau ba ranar jin haushinta ba ce.

“Ya aka yi kika san tana kira?” Auta ta tambaya.

“Sun zo shago ɗazu da hantsi. Hajiya da Aku.”

“Aku ta zo shagonki? Yau?”

“Hajiya ta kawo wayarta gyara, ta ɗauka lalacewa ta yi. An tura Injiniya aiki nesa. So yake ya bar miki yarinyar, Auta. Abin da yake ta neman faɗa miki ke nan. Amsarki kawai yake jira.”

Auta ta dafa bango.

“Da hantsi... Ina nan zaune. Me ya sa ba ki kawo min ita ba?”

“Hajiya ta ce su zo.”

“Sai?”

“Na ce kin fita.”

Ba ta mare ta ba. Da ta mare ta, da Yaya ta ji sauƙi. Kallonta kawai ta yi, irin kallon da ake yi wa baƙon da aka tarar a cikin ɗaki.

“Gobe ne tafiyar,” Yaya ta ce da sauri. “Gobe da sassafe. Akwai lokaci. Kawo in buɗe, yanzu-yanzu.”

“Kada ki sake taɓa wayata.”

Auta ta ɗauko wayar tana danne-danne. Ta shiga nan, ta fita, ta shiga can. Ba ta san inda ake ɓoye abin ba. Hawaye na ɗiga a kan sabon gilashin. A ƙarshe ta juyo da fuskar wayar, ba tare da ta sake ta ba.

“Nuna min.”

Yaya ta nuna da yatsa daga nesa. Nan. Sai nan. Ƙasa. Sunayen suka fito a jere, har da wanda Auta ta rubuta wa “Mamana Hajiya”. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ta danna lambar Injiniya, ta sa muryar a fili.

Ta yi ringi. Ta sake yi. Aka ɗauka.

Kafin muryarsa, ƙugin mota suka fara ji, da iska na kaɗawa ta taga.

“Yau kuma an buɗe ke nan,” in ji Injiniya.

“Baban Aku, don Allah ka saurare ni. Kuna ina?”

“Muna hanya.”

“Hanya? An ce gobe ne!”

“Da gobe ne.” Muryarsa ba ta faɗa ba ce, ta gajiya ce. “Aku ta dawo daga shagon yayarki tana tsalle, wai an gyara waya. Ta karɓi tawa ta zauna a bakin ƙofa tana jiran la'asar, ko abinci ta ƙi ci. A hannunta saƙonki ya shigo.”

“Innalillahi...”

“Kin san ta iya karatu yanzu. Ba ta tambaye ni ko kalma ɗaya ba. Ta shiga ɗaki ta haɗa jakarta da kanta, ta ce Baba mu tafi yau.”

Auta ta sulale ƙasa. Yaya ta rarrafo kusa da wayar.

“Injiniya, ni ce, Yaya. Ni na toshe ku. Auta ba ta sani ba, wallahi ba ta sani ba sai yanzu. Ta ɗauka kai ka hana yarinyar. Duk laifina ne, ka zage ni, ka yi min duk abin da ka ga dama, amma ka juyo da motar nan.”

Suka ji ƙugin motar ya ragu, tayoyi sun sauka kan tsakuwa, injin ya mutu.

“Yaya,” ya ce, “ni babba ne, zan iya fahimta. Ba ni za ki yi wa bayani ba.”

“Ba ni ita,” Auta ta ce. “Don girman Allah ba ni ita, ko minti ɗaya.”

Suka ji ya juya. Muryarsa ta yi laushi.

“Aku. Ga Mamanki.”

Ya sake gwadawa.

“Aku, karɓi mana. Ita ce ta kira da kanta.”

Auta ta manna bakinta da wayar.

“Akuna, ni ce. Mama ce. Ki ji ni, 'yata, ba haka nake nufi ba...”

Sai ga 'yar muryar, kusa da wayar sosai, babu kuka a cikinta ko kaɗan.

“Baba, ka ce mata ba na nan.”